Doka a Waje, Doka a Gida: Darasi Daga Aikin Dakta A'ishatu Mindaudu

 



An nemi in yi magana a kan macen da ta taso daga fagen shari'a, ta riƙe minista, sannan ta wuce aikin jakadanci. Na ga gara in ɗauki mutum guda mu bi sawunta daki-daki, da in jero sunayen mata ashirin mu tafa musu mu watse. Wadda na ɗauka ita ce Dakta A'ishatu Mindaudu ta Jamhuriyar Nijar, masaniyar dokar ƙasa da ƙasa, wadda ta riƙe ma'aikatar harkokin waje kusan shekara goma, daga baya ta shugabanci ayyukan Majalisar Ɗinkin Duniya a Darfur da Kodibuwa.

Abin da nake so mu fita da shi daga zauren nan abu ɗaya ne. Ƙasar da ba ta da ƙarfin soja ko na tattalin arziki, doka ce abin dogaronta a gaban duniya. Amma dokar da gwamnati take nema a yi mata adalci da ita a waje, ita ce dai wadda talakawanta suke nema ta kiyaye a gida. Aikin Dakta A'ishatu ya nuna mana ɓangarorin nan biyu, mai daɗin ji da marar daɗin ji, kuma duka biyun zan faɗa.

Zamanin da ta fito

An haife ta a 1959, shekara guda kafin Nijar ta sami 'yancin kai. Ta yi karatun shari'a har ta kai ga digirin digirgir a Jami'ar Sorbonne da ke Paris, ta dawo gida ta koyar a jami'ar Yamai. Shekarun da ta fara aiki su ne shekarun da matan Nijar suka fara buga ƙofar hukuma da ƙarfi. Ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka fito kan titunan Yamai, saboda kwamitin da aka kafa don shirya babban taron ƙasa mace ɗaya tal aka sa a cikinsa. Suka matsa har aka ƙara musu kujeru, kuma har yau ranar ce Nijar take bikin matanta.

A watan Fabrairu 1995 Firaminista Hama Amadu ya sa ta cikin gwamnatinsa, ministar jin daɗin jama'a da ci gaban mata. Kujera ce da aka saba ajiye wa mace a ƙasashenmu. Gwamnatin kuwa ba ta yi tsawon rai ba. Shugaba Mahaman Usman na jam'iyyar CDS ne, firaminista na MNSD, suna zaman doya da manja, har aikin hukuma ya tsaya cik. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su duka. Bayan shekara uku, ranar 9 ga Afrilu 1999, dogaran fadarsa suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai, Manjo Dauda Malam Wanke ya hau.

Mako guda bayan haka aka naɗa Dakta A'ishatu ministar harkokin waje, mace ta farko da ta riƙe wannan kujera a Nijar. Nijeriya, da duk girmanta, sai a 2006 ta kai ga haka, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala ta riƙe ma'aikatar na 'yan makonni, Joy Ogwu ta gaje ta. Aikin da aka ɗora mata ba mai daɗi ba ne. An kashe shugaban ƙasa, masu ba da agaji sun janye hannu, kuma ita ce za ta shiga manyan birane ta shawo kan mutane cewa sojojin nan za su cika alkawarin miƙa mulki cikin wata tara. Sun kuwa cika: aka yi zaɓe, Tanja Mamadu ya karɓi mulki ranar 22 ga Disamba 1999. A cikin watannin nan ne kuma, a Oktoba, Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata, tare da keɓe wasu sassa da suka shafi aure da iyali da gado, waɗanda ta ce ba za ta ɗauka ba.

Gwamnatin farko ta Tanja ba ta tafi da ita ba. A Satumba 2001 aka dawo da ita ma'aikatar, ta zauna har 2010. A tsakani, a zaɓen Disamba 2004, ta ci kujerar majalisar dokoki daga Damagaram a ƙarƙashin MNSD. Wannan shi ne zaɓen majalisar dokoki na farko da dokar kason mata ta 2000 ta yi aiki a kansa, dokar da ta tanadi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi. Majalisar 1999 mace ɗaya ce a cikin mutum 83. Ta 2004 mata 14 ne a cikin 113.

Shari'ar tsibirin Lete

Yanzu bari mu tsaya inda na fi so ɗalibanmu su kasa kunne. Tsakanin Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin, Kogin Kwara ne iyaka, kuma a wannan yanki akwai tsibirai 25. Mafi girmansu shi ne Lete, ƙasa mai dausayi, inda Fulani makiyaya suke zaune, manoma kuma suke ƙetarowa daga gaɓar Benin. Faransa ce ta mulki gaɓoɓin biyu, don haka ba ta taɓa damuwa ta ja layi a cikin ruwa ba. Da 'yanci ya zo, Dahome, wato Benin ta yau, ranar 1 ga Agusta 1960, Nijar ranar 3, sai tambayar da Bature bai amsa ba ta zama ta ƙasashe biyu. An zub da jini a tsibirin tun 1960. A ƙarshen 1963 rikici ya kai ga Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahome, aka rufe iyaka, alhali ta nan kayan Nijar suke bi daga tashar jiragen ruwan Kwatano. An yi ta zaman sulhu shekara arba'in, magana ba ta mutu ba.

A Yuni 2001 ƙasashen biyu suka sa hannu a Kwatano cewa za su kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Heg, kuma duk abin da ta yanke sun karɓa. A Mayu 2002 aka shigar da maganar. Wakiliyar Nijar a gaban kotu ita ce Dakta A'ishatu, na Benin kuma lokacin sauraron shari'ar ministan harkokin wajenta, Rogatien Biaou. Wakilin ƙasa a irin wannan shari'a shi ne mai ɗaure ta da bakinsa. Shi yake tara lauyoyi da masana tarihi da masu auna ƙasa, shi yake tsayar da abin da za a nema da abin da za a bari. Minista da bai san doka ba sai dai ya karanta abin da aka rubuta masa. Wannan karon wadda take kan kujerar fanninta ne.

Ƙa'idar da aka bi ita ce wadda shugabannin Afirka suka amince da ita a Alƙahira a 1964, wato kowace ƙasa ta tsaya kan iyakar da ta gada ranar 'yanci. Benin ta ce iyakar tana gaɓar hagu, ɓangaren Nijar, don haka ruwan da tsibiran duk nata ne. Babbar hujjarta wata wasiƙa ce ta 27 ga Agusta 1954, wadda muƙaddashin gwamnan Nijar na lokacin, Raynier, ya rubuta. Nijar ta ce iyakar tana bin hanyar da jiragen ruwa suke bi, inda kogin ya fi zurfi. Alƙalai biyar suka duba dokokin mulkin mallaka ɗaya bayan ɗaya, suka ce babu wadda ta ja iyaka a fili. Sai suka koma ga tambaya ta biyu: a aikace, wa yake mulkin wurin?

A nan ne wata tsohuwar takarda ta yi rana. Ranar 3 ga Yuli 1914 wani ƙaramin jami'in Faransa mai kula da yankin Gaya, Sadoux, ya rubuta wa takwaransa na ƙetaren kogi wasiƙa, ya jera tsibiran, ya nuna wanda ke ƙarƙashin wa, bisa ga inda babbar hanyar ruwa ta bi. Ya yi haka ne don a daina rigima a kan izinin kiwo da karɓar haraji. Kotu ta gano cewa jami'an gaɓoɓin biyu sun yi aiki da wannan tsari shekara arba'in, kuma Gaya ce take karɓar haraji da gudanar da mulki a Lete. Ranar 12 ga Yuli 2005 aka yanke hukunci: iyaka tana bin inda kogin ya fi zurfi, Nijar ta sami tsibirai 16 har da Lete, Benin ta sami 9. Kotu ta ƙara da cewa hukuncin bai taɓa haƙƙin mallakar da mutane suke da shi a kan tsibiran ba.

Kada a ɗauka Nijar ta cinye duka. A yankin kogin Mekuru, wajen gandun dajin W, ta nemi a bi wani layi na dokar 1907, kotu ta ƙi, ta ce iyaka tana tsakiyar kogin kamar yadda Benin ta nema. Nijar ta karɓa. Wannan shi ne ladabin shari'a, ka karɓi inda ka faɗi kamar yadda kake so abokin ƙararka ya karɓi inda ya faɗi. Wanda yake ganin an ɓata kuɗi da shekaru uku a Heg, ya tuna Mali da Burkina Faso sun gwabza yaƙi a Disamba 1985 a kan zirin Agasher, sojoji da farar hula suka mutu, kuma ƙarshenta dai hukuncin kotu na Disamba 1986 ne ya raba su. Nijeriya ma ta ɗanɗana ɗacin karɓar hukunci a kan Bakassi, daga Oktoba 2002 har miƙa yankin ga Kamaru a Agusta 2008. Bayan Lete, a Fabrairu 2009, tana kan kujerarta, Nijar da Burkina Faso suka sa hannu a Yamai su kai tasu rigimar iyakar kotun, aka yanke hukunci a Afrilu 2013. Kuma ku lura, bayan juyin mulkin 2023 dangantakar Yamai da Kwatano ta yi tsami har aka rufe gadar Gaya, amma ba a ji wani ya tayar da maganar mallakar Lete ba.

Takardun jabu

A shekarun nan ne kuma sunan Nijar ya shiga bakin duniya ta hanyar da ba ta nema ba. Wasu takardu suka ɓulla suna cewa ta yi cinikin yuraniyom da Iraƙi. A jawabinsa na 28 ga Janairu 2003 Shugaba George Bush na Amurka ya ce Saddam Husaini ya nemi yuraniyom daga Afirka. Ranar 7 ga Maris shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, Muhammad Albaradai, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun na jabu ne. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka tona asirin maƙirƙiran shi ne wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoba 2000, ɗauke da sa hannun Allele Alhaji Habibu a matsayin ministan harkokin waje, alhali mutumin ya bar kujerar tun 1989. Ƙasa da mako biyu bayan jawabin Albaradai aka afka wa Iraƙi. Gaskiyar takarda ba ta hana yaƙi ba, amma ta wanke Nijar daga zargin da zai iya jawo mata takunkumi. Sau biyu ke nan cikin 'yan shekaru abin da aka rubuta aka adana ya tsaya wa ƙasar.

Lome a 2005, Yamai a 2009

Ranar 5 ga Fabrairu 2005 Shugaba Gnassingbe Eyadema na Togo ya rasu bayan shekara 38 a kan mulki. Tsarin mulki ya ce kakakin majalisa ne zai riƙe ƙasa a yi zaɓe cikin kwana 60. Sojoji suka rufe iyakoki alhali kakakin, Fambare Natchaba, yana waje, jirginsa ya sauka a Kwatano. Suka naɗa ɗan marigayin, Faure, majalisa kuma ta yi wa tsarin mulki gyaran dare ɗaya don ya ƙarasa wa'adin mahaifinsa. Shugaban ƙungiyar ECOWAS, wato CEDEAO, a lokacin Tanja ne, don haka ministarsa ce take jagorantar takwarorinta na yankin. Aka yi taron gaggawa a Yamai, ta shiga tawagar da ta je Lome da saƙo ɗaya: a koma kan tsarin mulki. Aka sa wa Togo takunkumi, ranar 25 ga Fabrairu Faure ya sauka. Gaskiya ne ya dawo ta zaɓen 24 ga Afrilu, wanda rikicinsa ya ci rayuka tsakanin 400 da 500 a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk da haka an kafa misali cewa ba a gadon ƙasa kamar gadon gona.

Bayan shekara huɗu magana ta juyo gida. Tsarin mulkin Nijar na 1999 ya ƙayyade wa shugaba wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ya kuma hana a taɓa wannan sashe. Wa'adin Tanja zai ƙare ranar 22 ga Disamba 2009. Sai aka tayar da tazarce, wai a bar shi ya ƙarasa ayyukan da ya fara. Ranar 25 ga Mayu kotun tsarin mulki ta ba da ra'ayi cewa ƙuri'ar raba gardamar da ake shirin yi ta saɓa doka. Washegari Tanja ya rusa majalisar dokoki. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar kiran ƙuri'ar. Ya ɗauki ikon dokar ta-ɓaci, ranar 29 ga Yuni ya rusa kotun kanta. Ranar 4 ga Agusta aka yi ƙuri'ar, hukuma ta ce sama da kashi 92 cikin 100 sun amince, aka ƙara masa shekara uku. A Oktoba, bayan zaɓen majalisar da 'yan adawa suka ƙaurace wa, ECOWAS ta dakatar da Nijar, aka naɗa Janar Abdulsalami Abubakar mai shiga tsakani. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Duk tsawon watannin nan Dakta A'ishatu tana kan kujerarta, kuma aikin ministan harkokin waje shi ne ya kare matsayin gwamnatinsa a gaban baƙi. Ministocin jam'iyyar CDS sun fice daga gwamnati a Yuni, ita ta zauna. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kutsa fadar shugaban ƙasa ana tsakiyar taron ministoci, gwamnatin ta faɗi.

Shugabar kotun da ta ce wa Tanja a'a ita ma mace ce, Mai shari'a Salifu Fatimata Baze. Ta rasa kujerarta a 2009, bayan juyin mulki aka dawo da ita ta shugabanci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya, wadda ta tabbatar da sakamakon zaɓen 2011. Ga mata biyu, duka masanan doka, 'yan ƙasa ɗaya, a gaɓoɓi biyu na rikici ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya rushe maganar da ake yawan yi a irin wannan taro, cewa da mata ne suke mulki da komai ya daidaita. Mace a kan kujera tana fuskantar abin da namiji yake fuskanta: biyayya ga wanda ya naɗa ta, da amanar jam'iyya, da tunanin cewa gyara daga ciki ya fi ficewa. Akwai mai cewa minista ba alƙali ba ne, aikinsa ya wakilci ƙasa ko wane ne a sama, kuma zamansa yana iya rage ɓarna. Hujja ce da ake saurara. Amma ni a ganina, ranar da aka rusa kotu don ta yi hukuncin da ba a so, masanin doka da ke cikin gwamnati ya fi kowa sanin abin da aka karya. Gwamnatin da ta ce wa Benin ta karɓi hukuncin Heg, ta ce wa Togo ta koma kan tsarin mulki, ita ce ta ƙi karɓar hukuncin kotunta. Ribar da tazarce ta jawo wa Nijar ita ce dakatarwa, da yankewar agaji, da juyin mulki.

Darfur da Abijan

Faɗuwar gwamnati ba ta rufe mata hanya ba, domin ƙwarewar tata ce. A 2011 aka naɗa ta mataimakiyar shugaban rundunar haɗin gwiwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka a Darfur, UNAMID, mai hedkwata a Alfashir, ƙarƙashin Farfesa Ibrahim Gambari. Da ya tafi a tsakiyar 2012 ta riƙe rundunar da aikin shiga tsakani har Muhammad Ibn Chambas na Ghana ya karɓa a 2013. Wuri ne mai wuya. Yarjejeniyar Doha ta Yuli 2011 ƙungiya ɗaya ce ta sa mata hannu, manyan 'yan tawaye suna waje. Gwamnatin Khartum tana hana dakarun zuwa inda aka yi ta'asa. A Oktoba 2012 aka yi wa sojojin Nijeriya kwanton ɓauna kusa da Aljanaina, huɗu suka rasu. Wani binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a 2014 ya gano cewa rundunar ta riƙa rage kaifin rahotanninta a kan wasu hare-hare na waɗannan shekaru. Wanda yake zaune a ƙasar mutane da izininsu, kullum yana auna abin da zai faɗa da abin da zai sa a kore shi, kuma a Darfur awon ya sha karkata wajen yin shiru.

A Mayu 2013 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Ban Ki-moon ya naɗa ta wakiliyarsa ta musamman a Kodibuwa kuma shugabar rundunar Majalisar a can, ONUCI, wadda aka kafa tun 2004. Ƙasar tana jinyar rikicin zaɓen 2010 wanda ya ci rayuka kusan 3,000, tsohon shugaban ƙasar Laurent Gbagbo yana tsare a Heg, magoya bayansa da yawa suna kurkuku ko gudun hijira a Ghana da Laberiya. Nijar ta riga ta biya nata kuɗin a wannan aiki, domin a Yuni 2012 an kashe sojojinta bakwai a kudu maso yammacin ƙasar, kusa da iyakar Laberiya. Aikinta shi ne ta sa gwamnatin Alassane Ouattara da 'yan adawa su zauna, a kwance ɗamarar dubun-dubatar tsofaffin mayaƙa, a kai ga zaɓe ba tare da jini ba. Ranar 25 ga Oktoba 2015 aka yi zaɓen lafiya, Ouattara ya ci da sama da kashi 83 cikin 100. A Afrilu 2016 Kwamitin Sulhu ya ɗage takunkumi, ya sa ranar rufe rundunar. Ranar 30 ga Yuni 2017 ONUCI ta naɗe tabarmarta.

Ba a bar ƙasar ba tabo ba. A Janairu da Mayu na shekarar sojoji sun yi bore a Buwake suna neman kuɗin da aka yi musu alkawari, kuma ana ƙorafin cewa ɓangare ɗaya kaɗai ake gurfanarwa a kotu. Amma idan muka dubi yadda rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fita daga Mali a 2023 bisa umarnin masu mulki, za mu gane darajar rundunar da ta kammala aikinta ta miƙa shi ga masu ƙasa cikin tsari.

Binciken Kwango

Aiki na ƙarshe da zan ambata shi ne ya mayar da ita ga asalin sana'arta. A Satumba 2020 'yan jarida suka fallasa cewa mata fiye da 50 a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango sun zargi ma'aikatan agaji da lalata da su a lokacin yaƙi da cutar Ebola, daga 2018 zuwa 2020, galibi da alkawarin ba su aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti mai zaman kansa, ta ba Dakta A'ishatu da Julienne Lusenge, 'yar gwagwarmayar kare mata ta Kwango, shugabancinsa. Rahotonsu na 28 ga Satumba 2021 ya gano mutum 83 da ake zargi, 21 daga cikinsu ma'aikatan hukumar ne, ya kuma nuna gazawar tsarinta wajen karɓar ƙorafi. Shugaban hukumar, Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya fito ya nemi gafarar matan. Hukumar ce ta naɗa kwamitin, kwamitin kuma ya faɗa mata abin da ba ta so ji.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, ga hukumomi. Shari'ar Lete a rumbun takardu aka ci ta kafin a je Heg. Wasiƙar ƙaramin jami'i da rajistar haraji su suka tsaya wa ƙasa bayan shekara casa'in. Wanda ya shiga rumbunan adana takardu na ƙasashenmu ya san halin da suke ciki, ga gara, ga yoyon ruwa, ga ma'aikatan da aka manta da su. Kuɗin gyaransu bai kai na jirgin yaƙi ɗaya ba. Haka kuma ma'aikatun harkokin waje suna bukatar lauyoyinsu na gida, masu sanin dokar iyakoki da ta koguna da ta ma'adinai, domin rigingimun da ke tafe a kan ruwan Kwara da Tafkin Chadi da yarjejeniyoyin haƙar ma'adinai duk a kan takarda za a fafata su.

Na biyu, ga iyaye da 'ya'yanmu mata. Dokar kaso tana buɗe ƙofa, kuma Nijar ta ƙara nata a 2019 zuwa kashi 25 na kujerun zaɓe da 30 na naɗi. Amma abin da ya fitar da Dakta A'ishatu daga ma'aikatar da aka saba keɓe wa mata, ya kai ta gaban Kotun Duniya, ilmi ne mai zurfi a fanni guda wanda ƙasa ba ta iya yi ba tare da shi ba. An kifar da gwamnati biyu tana ciki, ilmin bai faɗi tare da su ba. Yarinyar da aka cire daga makaranta tana aji uku na sakandare, babu kason da zai kai ta can.

Na uku, ga ku ɗaliban shari'a. Wasunku za su shiga gwamnati, kuma ina fata ku shiga, domin ƙasa tana bukatarku a ciki. Za a zo ranar da wanda ya naɗa ku zai nemi ku samo masa hanyar kauce wa abin da doka ta hana, kuma za ku iya, don an koya muku. Ku yanke wa kanku tun yanzu inda za ku tsaya, tun ba ku da mota da direba da mutanen da suke ci a ƙarƙashinku. Ku karanta hukuncin 12 ga Yuli 2005 ku ga abin da doka take yi wa ƙasar da ta riƙe ta. Ku karanta tarihin watannin Mayu zuwa Oktoba 2009 ku ga abin da take jawo wa gwamnatin da ta sake ta. Minista ɗaya ce ta ga duka biyun daga kujera ɗaya, kuma mutunta ta shi ne mu auna aikinta da ma'aunin da za mu auna na kowane babban ma'aikacin ƙasa.